Wa Ya Datse Wa Doki Ƙafa?

Tun ranar da na sa aka sauke motata ƙasa da santimita 4 ban sake shan shayi da daɗi a Hawandawaki ba. Ina zama sai a fara. Wani ya ce mota ta yi ruku'u, wani ya ce ladabi take kwasa wa mai gari. Kawu kuwa, da bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, ya daki cinya ya ce, "Kai ɗan nan, a garin da sunansa Hawandawaki, ka taɓa jin wanda ya datse wa doki ƙafa don ya ƙara gudu?" Aka tuntsure da dariya har mai shayi ya ɓarar da kumfa.

To taubasaina, na ji taku. Yau ku gyara zama ku ji tawa.

Da farko dai ku daina ce mata akwala. Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, ƙanwar Fijon da ta goya iyayenku. Babbar ta fito a Faransa a 1968, daga 1975 aka riƙa haɗa ta a Kaduna, shi ya sa kowane makanike daga Tasawa har Katsina yake kwance ta ido rufe. Ita mai ƙofa biyun a 1969 ta fito, gidan Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, kuma ba don buhun gero aka yi ta ba, don gudu da kwana aka yi ta. An daina ƙera ta tun 1983, wato ta girmi rabin masu yi mata dariya. Ko don shekaru ai kwa sassauta.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki, wai ku ne kuke tuhumata da durƙusar da mota. Ku! Wa ya kai ku? Ku je tasha ranar kasuwa ku dubi aikinku. A-kori-kura ɗaya ku ɗora mata buhunan wake da gyaɗa, ku ɗora awaki, ku ɗora mutane a kan awaki, sannan karen mota ya maƙale a baya yana cewa saura mutum biyu. Gindinta na sharar ƙasa, hancinta na kallon sama kamar mai neman jinjirin wata, faifan sifirin da aka yi shi a lanƙwashe ya miƙe sambal. Ni santimita 4 na rage, da ma'auni, gaba da baya daidai. Ku kuna rage taƙi guda duk mako, a baya kaɗai, ba awo ba lissafi, ku ce Allah ya kiyaye hanya. Amin. Amma a bar ni in sha shayina.

Dalilin saukewar ma ba na Turawa ba ne, kun fi ni saninsa. Amalanken da aka yi wa tulin kara har ya fi ɗaki tsawo, in shanu suka karya kwana da sauri, ina yake kwana? A ƙasa. Wanda aka shimfiɗa wa buhuna a kwance kuwa lafiya lau yake wucewa. Nauyi in ya yi sama, kwana na tura shi gefe, tayoyin waje su danne, na ciki su yi sakayau. In ya yi ƙasa, duka huɗun na riƙe da hanya. Kawu, ko mahayin da kake taƙama da shi, in ya saki linzami a sukuwa ai kwantawa yake a wuyan doki, ba ya miƙe a likkafa kamar mai tsinkar mangwaro. Bai datse wa doki ƙafa ba, gaskiyarka, amma ya sauke kansa.

Inda zan ba ku rabin gaskiya shi ne wajen yadda ake aikin, don a nan na sha wuya. Makaniken farko da na kai wa, ba zan faɗi sunansa ba saboda muna haɗuwa a masallaci, ya kunna wutar walda ya yanke zagaye biyu daga kowane sifirin. Ƙarfen sifirin in ya sha wuta ya rasa ƙwarinsa, kamar wuƙar da aka manta a murhu. Ga shi kuma duk zagayen da ka cire, abin da ya rage ƙara tauri yake. Sai mota ta koma tsalle kamar jaki ya ga kura. Shokazoba, wadda masu garejin Maraɗi ke kira da sunanta na Faransanci, an yi ta ne da iyakar tafiyarta sama da ƙasa. Da aka sauke mota sai ta zauna kusa da ƙarshen tafiyar tun kafin a tayar da inji, kowane rami sai ka ji ƙum har cikin haƙori. Kafin wata biyu tayoyin baya sun cinye ta ciki, waje kuwa sabo ƙal, don kawunansu sun karkata ciki kamar masu gulma.

Na biyun, dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, bai taɓa sifirin ba sai da ya shiga ƙarƙashi da fitila. Ya ciro wata roba ya ɗora mini a tafin hannu, ya murza ta da yatsa biyu, ta ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Alhaji, shekara arba'in wannan take ɗauke da kai." Ya sauya robobin duka, ya sa gajeren sifirin da aka ƙera shi a gajere, da shokazobar da ta dace da shi, sannan ya daidaita tsayuwar tayoyi. Ranar da na hau kwaltar Tasawa zuwa Gazawa, na shiga kwana ban taka birki ba, motar ta bi layi kamar zare a allura. Ku da ba ku ji wannan ba, ba ku da ta cewa.

Na san akwai malamin makaranta a cikinku da ya tanadi hujja, bari in riga shi. E, irin wannan mota ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari da ita a Kenya a 1978. E, a 1984 René Metge ya ci tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa ta Nijar, da Porsche 911. Kuma e, masu wannan Porsche ɗin da suka ji Sahara za a shiga, ɗaga ta sama suka yi, ba sauke ta ba. Na sani, Malam. Rufe littafin. Su rairayi suka nufa, ni kwalta na nufa.

Sai dai kwalta ba ta kai ƙofar gidanmu ba, kuma wannan ba laifina ba ne.

Maganar ranar nan da kuke ta yayatawa, bari in faɗe ta da bakina kafin ku ƙara mata gishiri. Hanyar rairayi rami biyu ce da tudu a tsakiya, amalanke da Hilux suka haƙa ta daidai tsawonsu. Na rage iskar taya kamar yadda kowa ke yi, wanda hakan ya ƙara sauke ni, abin da ban lissafa ba ke nan. Ina cikin tafiya sai na ji shuuu, mota ta hau tudun ta zauna a kan cikinta, tayoyin baya na juyawa a banza kamar kaza na wankan ƙasa. Na leƙa in ga ko kwanon baƙin mai ya huje, Allah ya rufa asiri, salansa ce kawai ta rabu da mu. Wani yaro ya zo da shanu biyu ya ja ni. Bai ce komai ba, yaron kirki, har sai da na miƙa masa jika guda, sannan ya tambaye ni ko gobe ma ta nan zan biyo.

Ba shanu huɗu ba ne, biyu ne. Kuma ba a kan idon surukaina aka yi ba, sun iso ne bayan an gama.

Yanzu motar na kwana a Tasawa gidan wani ɗan'uwa, ni kuma in ƙaraso gida a kabu-kabu da ledar kilishi a hannu, wanda ku masu dariyar kuke cinyewa. Jiya kuma sai ga Kawu da kansa, murya ƙasa-ƙasa, wai auren autarsa ya matso, ko za a samu motar nan ta ɗauko amarya, don duk yankin babu mai kyanta. Na ce an ba shi. Shanun dai shi zai kawo.