Tabon Lema da Masu Jinyarsa

A Tarifa, garin da ke can ƙurewar kudancin Sifaniya, inda ruwan kilomita 14 kacal ya raba Turai da Moroko, iska ce jarin gari. In ta gabas ta taso, wadda suke kira Levante, ƙofar mota ma sai ka riƙe ta da hannu biyu. In ta lafa, ta yamma, Poniente, ta karɓi aiki. Shi ya sa samaniyar bakin tekun Los Lances da Valdevaqueros ba ta rabo da lemomin iska, manyan nan masu faɗin murabba'in mita 9 ko 12, waɗanda mutum ke ɗaurawa a ƙugu da igiyoyi masu tsawon mita 20 da ɗoriya, ya taka allo, su fizge shi a kan ruwa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi rajistar samfurin da ake hura wa iska a 1984, kuma wasan ya girma har ya shiga gasar Olamfik ta 2024 a Marseille. Sabuwar lema takan haura Yuro 1,000. To, abin da ka saya da irin wannan kuɗi, ranar da tsuntsun teku ya yi masa kashi, ranar ake sanin halinka.

Kafin mu shiga gulmar mutane, a san yadin tukuna. Foliyesta ne shara-shara, nauyin murabba'in mita guda bai wuce giram 50 da 'yan kai ba, kuma da yawansa daga kamfanin Teijin na Japan yake fitowa. Sirrinsa wani siririn danƙo ne da aka shafe shi da shi, wanda ke hana iska ratsa saƙar. Wanda ya taɓa sa sabuwar shadda ya san zancen: ƙyallin nan da ƙarar nan, in wanki ya tafi da su, sun tafi ke nan. Don haka duk abin da masu ƙera lema suka yarda da shi bai wuce soso mai laushi da ruwa mai ɗan ɗumi ba, sai ɗigon sabulu marar kaifi in ta kama dole, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Abin da bai fita ba a bar shi. Wannan "a bar shi" ɗin ne ɗan'adam ya kasa.

Akwai mai waswasi. Shi ba ya fita daga ruwa sai ya bi lemarsa taku-taku yana duba ta, ya samu ɗigo ɗaya na man kare zafin rana, ya tsaya a kansa ya yi tagumi. Zai fara da soso kamar yadda aka ce. Bai fita ba. Sai ya juya soson, ya koma ɓangaren da ake kankare tukunya. Kafin magariba tabon ya gudu, danƙon ya bi shi, wurin ya yi fari fat, ya yi laushi, iska na wucewa ta cikinsa ba sallama. Garin neman gira an rasa ido, amma shi murna yake yi, har hoto yake ɗauka.

Yayansa shi ne boka. A bayan motarsa akwai fetur, akwai kananzir, akwai ruwan goge farce na matarsa wanda har yau take nema, akwai lemon tsami da man goge baki. Babban abokin gabarsa kwalta ce, kuma ba a rasa ta, tunda mashigin Jibralta hanyar manyan jiragen dakon mai ce, teku kuwa ba ta riƙe amana, abin da aka zuba mata sai ta tofo shi a gaɓa. Boka ba ya gwada maganinsa a lungun yadi, a tsakiya yake zubawa. Kwalta kuma ba ta mutuwa da fetur, narkewa take yi ta bazu. Tabon da bai kai ƙwayar gyaɗa ba da safe, da la'asar ya zama taswira. Mafi muni, boka ba ya tsayawa a kan lemarsa. Da ya hango taka zai taho da kwalba a hannu: "Ɗan'uwa, ba ni minti biyu kawai." In kana son kanka, naɗe kayanka ka gudu.

Mai injin wanki ba ya buƙatar dogon bayani. Ya cusa, ya zuba omo, ya danna, ya tafi shan shayi. Abin da ya fito, igiyoyin sun yi kitso da juna, robar ciki ta murɗe, ƙarar yadin ta mutu. Sau da yawa ma ba mai lemar ba ne, surukarsa ce ta zo hutu, ta ga "wannan ƙazamin tanti" a baranda ta ce bari ta taimaka. Wannan shari'a ba kotun da ke karɓarta.

Inda zance ya yi daɗi shi ne wajen malaman fatawa, domin mazhaba biyu ce, kuma ba sa ga maciji. Ta farko ta ce wajibi ne a ɗauraye lema da ruwan famfo bayan kowace fita, saboda gishiri in ya bushe yakan zama ƙwayoyi masu kaifi da ke gurzar yadi, ga shi yana jawo danshi. Ta biyu ta ce a'a, gishirin nan shi ke hana funfuna tsiro, ruwan daɗi ne ke gayyato ta. Abin haushin, kowanne yana da gaskiya, kuma abin da ya raba gardamar ƙarami ne: ko da wane ruwa ta jiƙe, kada a naɗe ta sai ta bushe. Amma ba wanda zai yarda a kashe muhawara mai daɗi haka da jimla ɗaya. Za su zauna a kan yashi su yi ta ja, wannan ya kawo shekarunsa a teku, wancan ya kawo nasa, har rana ta faɗi. Sai kowa ya tashi a gurguje, ya naɗe lemarsa a jiƙe, ya jefa a but ɗin mota. Bayan mako biyu a buɗe jaka: jan launi ya zuba a kan fari, baƙaƙen ɗigon funfuna sun yi zane, ga wari. Funfuna kuwa in ta kama, ko an kashe ta tabonta ba ya tashi. Washegari za ka same su a wuri ɗaya, kowa na cewa mazhabar ɗan'uwansa ce ta jawo.

Sai mai shanya, wanda ya ji an ce rana na cin tabo. Tana ci. Tana kuma cin yadin, domin hasken rana shi ne babban makashin lema, sai kaɗawar iska ta biyo baya. Zai danne ta da yashi a bakin teku, ya bar Levante na marin gefenta wuni guda, shi yana can yana cin kifi.

Ɗan sanda kuwa ba wanki ne ya dame shi ba, mai laifi yake nema. A yankin nan, musamman wajen Bolonia, jajayen shanu kan sauko har bakin teku su kwanta cikin masu shan iska, kuma saniya ba ta san Yuro ba. Zai durƙusa ya sansana tabon, ya auna sawun kofato, ya tambayi shaidu. Na fi jin tausayinsa a kan sauran, don shi kaɗai ne wadda yake zargi ke tsaye a gabansa tana tuƙa, ko a jikinta.

Can gefe ga ƙazami mai falsafa. Bai taɓa wanke lema ba, ba kuma shi da niyya. Kowane tabo tarihi ne: wannan koren ciyawa ce ta ranar da iska ta ja shi cikin gonar mutane, wannan ja-jan kuwa jininsa ne, yana alfahari da shi. Abu biyu kawai yake yi, ya kakkaɓe yashi, ya bari ta bushe kafin ya naɗe. Ba na son in faɗa, don mutumin ba ya buƙatar ƙarin girman kai, amma tasa ce ke binne na sauran.

A ƙarshen kakar wasa duk a kasuwar kwance ake haɗuwa. Mai waswasi ya shimfiɗa tasa tana walƙiya, boka ya manna sitika a kan taswirarsa yana rantsuwa ado ne. Sai ga tsohon hannu ya zo saye. Ba ya kallon launi. Yakan damƙi yadin ya murza kusa da kunnensa ya saurara, wani lokaci ya kafa baki ya hura ya ji ko iska za ta wuce.

"Kai, ɗan'uwa, wannan ta sha tsafta. Sau nawa kake wanke ta?"

Mai waswasi ya gyara tsayuwa: "Kowane mako, da sabulu da buroshi!"

"Madalla. Allah ya kawo kasuwa."

Ya juya ya tambayi ƙazami nawa zai bar masa tasa mai kashin shanu.