Yadda za ka sayi batirin injin huda ba tare da ka zagi kowa ba

Alamomin mutuwar batir ba sai na lissafa maka ba. Kana kan tsani, hannu ɗaya tallabe da silin, injin ya yi gurnani ya yi tsit, mai gida yana ƙasa ya zuba maka ido. Mu je ga shawara.

Ta farko, ka cire rai da batirin maƙwabci. Na Makita ba ya shiga DeWalt, na DeWalt ba ya shiga Bosch, alhali in ka kwance su galibi kaya ɗaya ne a ciki: ƙwayoyi masu lamba 18650, kauri milimita 18, tsayi 65. Kowace 3.6V take bayarwa, a jera biyar, an samu 18V. Bakin ne kawai kowane kamfani ya sassaƙa nasa, don haka ranar da ka sayi injin an ɗaura maka aure da gidansu, kuma babu saki. Shi ma "20V" da mai shago ke ƙara maka kuɗi a kansa, ƙwayoyin nan biyar ne, an dai auna su suna sauka daga caji.

Ta biyu, ka karanta lambar Ah da ke jiki, sannan kada ka yarda da ita. Nan fa zan daɗe. Ƙwayar kirki irin ta Samsung ko Panasonic da ƙyar take haura 3,500mAh, amma kasuwa cike take da masu jar leda an buga musu 9,900mAh, da hoton walƙiya don ƙarin bayani. Kwanan nan na ɗauko wani da aka rubuta wa 9.0Ah. Mai shagon ya ce, "Wallahi Alhaji orijina ne, jiya kwantenar ta sauka." Na ce garanti fa? Ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ni da kai?" Ban gama ɗaura ƙofar kabad ba ya ɗauke. Da na mayar, sai ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce cajata ce ta kashe shi, kuma yana da caja.

Ta uku, sikeli. Batir mai 5.0Ah na gaskiya ƙwayoyi goma ne a cikinsa, kowace kimanin giram 45, kusan rabin kilo ke nan kafin a sa nauyin roba. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye. Sai dai masu jabu sun riga mu wannan dabara, har yashi suke durawa a wasu ƙwayoyin. To a bar ta uku.

Zafi kuma? Irin wannan batir ba ya son caji in ɗuminsa ya haura digiri 45. Takardar kamfani ta ce a ajiye shi wuri mai sanyi marar ƙura. A Kano, a watan Afrilu, a rumfar kwano! Ka cire shi daga injin da zafinsa, caja ta ƙi karɓa, tana ta ƙifta maka fitila sai ya huce. Yana hucewa a ɗauke wuta. Wai injin da aka sayar mana don ya raba mu da jan waya, shi ne yanzu sai mun tayar masa da janareta, mun ƙona fetur, mun zauna gadinsa. Wane ne ya yi mana wannan?

Ta nawa muke? Oho. In za ka kai wa mai gyara ya zuba sababbin ƙwayoyi, tambaye shi daga ina suka fito. Da yawa daga tsohon batirin kwamfuta ake ciro su. Girman ɗaya ne, amma ba a yi su don jan wuta mai ƙarfi ba, katako mai tauri ɗaya zai tona asirinsu. A canza duka, kada a haɗa sabuwa da tsohuwa. Wanda ya kumbura ko yake wari kuwa, fitar da shi tsakar gida nesa da katako, don wuta yake kamawa.

In Allah Ya haɗa ka da na kirki, ka sa shi a aljihun tebur ka kulle. Akwai wata 'yar roba da ake maƙala wa batirin ya koma cajar waya, kuma yaran shagonka sun riga ka saninta.