Ɗabaƙoƙin Masu Zana Kansu

Duk mai zanen da ya kafa madubi a gabansa, ya dama fentin mai domin ya zana fuskarsa, to, ya zauna a wata irin shari'a wadda shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali. Saboda haka ba mamaki in hukuncin ya yi masa daɗi. Waɗannan bayin Allah sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farko shi ne ma'abocin ujubu, limaminsu kuwa Dürer Bajamushe, wanda a 1500, yana ɗan shekara 28, ya zubo gashi har kafaɗa, ya sha riga mai gashin dabba, ya fuskanto jama'a sosai, irin tsayuwar da Nasara suka saba keɓe wa siffar Annabi Isa, alaihis salamu.

Na biyu shi ne mai kutse a fada, kamar Velázquez na Sifen, wanda a 1656 ya zana 'yar sarki da kuyanginta, ya tsai da kansa ƙato a gefe da burushi a hannu, sa'an nan ya tura Sarki da matarsa can cikin wani ɗan madubi a bango.

Na uku faƙiri ne, wanda bai da abin biyan mai zauna masa, sai ya ɗauki fuskarsa aiki kyauta. Haka Van Gogh ya yi ta yi, har a 1889 ya zana kansa da kunne ɗaure. Na hagu ya yanke, amma madubi ya ba da shaidar zur, ya nuna na dama.

Na huɗu shi ne mai tuba da wayo, watau Caravaggio, wanda ya yi kisan kai a Rum a 1606 ya gudu, daga baya ya zana kan Jalutu a yanke, da kamanninsa shi kansa, ya zartar wa kansa haddi da fenti tun hukuma ba ta cim masa ba.

Na ƙarshe shi ne mai zuhudu, Rembrandt na Holan, wanda bayan karayar arzikinsa a 1656 bai ɓoye tamoji ko ƙaton hancinsa ba, har masana suna yabon tawali'unsa. Sai dai a sani, wannan mai tawali'u ya zana fuskar nan tasa da fentin mai kusan sau 40.