Idan Dikoda Ta Yi Gum a Abidjan

Tun da aka ƙaddamar da talabijin na dijital, wato TNT, a Abidjan a 2019, gidaje da yawa a Adjamé da Treichville sun yi sabuwar baƙuwa: dikoda, mai karɓar siginar DVB-T2 daga eriya ta miƙa wa tsohuwar talabijin. Tana da hali ɗaya. Hoton RTI 1 ko NCI zai fito tangaran, mai karanta labarai yana ta motsa baki, ɗaki kuwa tsit.

Da farko maigida ya ajiye takalmin da ya ɗauka, duka ba ya sa dikoda magana. Ya nemo rimot guda biyu, na talabijin da na dikoda, don kowanne da madannin kashe muryarsa, kuma autan gida ya san inda suke. Ya tambaye shi cikin lallami.

Sai ya leƙa bayan akwati. Wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto ce, ja da fara su ne na sauti. Mai gaggawar zuwa cin garba, abincin nan na rogo da kifi, ya sha cusa fara a ramin da ba nata ba. Idan HDMI ce, ya zare ya mayar, ko ya canja rami.

Inda aka fi shan wahala shi ne cikin saiti. Akwai talabijin da ba ta iya fassara sautin Dolby, sai a shiga sashen Audio a zaɓi PCM, dikoda ta yi fassarar da kanta. Murya mai yankewa tare da hoto mai tsattsagewa kuwa ciwon eriya ne: a ɗaga ta, a juya ta, a sake laluben tashoshi. Wanda dikodarsa ta yi gum a daren 11 ga Fabrairu 2024, da Haller na Côte d'Ivoire ya ci Najeriya ƙwallo ta biyu a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a filin wasa na Ebimpé, shi dai ihun maƙwabta ya wadatar da shi.

In duk an yi ba ta tanka ba, ya cire ta daga soket na minti ɗaya. In ta ƙi, ya hau gbaka, wato ƙaramar bas, zuwa kasuwar Black Market ta Adjamé, amma kada ya biya mai gyara ko sisi sai an jona an ji murya a gabansa.