Masu Kyauta Iri-Iri: Daga Kindle Zuwa Ƙullin Daddawa

Da zarar an kwashe shinkafa daga fadamun Gulbin Rima, kuɗi suka ɗan motsa a aljihun manoman Augie da Argungu, sai katunan gayyata su cika gari. Ɗaurin aure nan, suna can, walimar saukar karatu a gaba, ga ɗaliban da suka kammala Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna jiran a taya su murna da abin da ya fi fatar baki. Kowane kati yana ɗauke da tambayar da ba a rubuta a jikinsa ba: me za ka riƙo? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta yi ta gangara har Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024, tambayar ta yi nauyin da ya raba masu bayarwa gida biyu. Wasu sun ce a daure a sayi abu ɗaya mai ƙarko, kuma a bakin 'yan boko abin nan shi ne na'urar karanta littattafai. Wasu sun ce daidai ruwa daidai tsaki, a koma ga aikin hannu. A ganina duka ɓangarorin sun kama ma'aunin da ba shi ba. Abin da ke ɗaga kyauta ko ya kayar da ita shi ne yawan sanin da mai bayarwa ya yi wa mai karɓa, kuma za a fi gane haka idan aka jera masu bayarwar aka dube su ɗaya bayan ɗaya.

Amma da farko a ba na'urar haƙƙinta. Kamfanin Amazon ya fito da Kindle ta farko a watan Nuwamban 2007 a kan Dala 399, a 2024 kuwa mafi arahar cikinsu tana wajen Dala 110. Fuskarta ba irin ta waya ba ce. An yi ta da ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe waɗanda lantarki ke jerawa su zama haruffa, kuma da sun jeru sai su tsaya a haka, ba su ƙara neman wuta sai an juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, ake kuma karanta ta a tsakar rana ba sai an kare ta da tafin hannu ba. A garuruwan da wutar lantarki ke leƙowa ta gaida mutane ta koma, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Tana ɗaukar dubban littattafai, gara ba ta cin ta, dattijon da idonsa ya yi rauni yana iya ƙara girman rubutu. A jihar da Gwandu take, garin Abdullahi ɗan Fodiyo mai tafsirin Diya'ut Ta'wil, inda almajirai suka yi ta kwafar littattafai da alƙalamin kara suna saɓa gafaka daga gari zuwa gari, babu mai raina abin da zai sa ɗakin karatu guda a aljihun riga. Aibinta lissafi ne kawai: a 2024 Dala 110 ta haura Naira 160,000 tun kafin kuɗin kawowa, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne.

Na farko a jerin shi ne Alhaji Mai Kwali, wanda wannan lissafin bai dame shi ba, hasali ma shi ya ja hankalinsa. Ya ga na'urar a filin jirgi yana dawowa daga Umra, ya tambayi kuɗinta, da ya ji tsada sai ya tabbata abin kirki ce. Ba ya ɓare takardar farashi, ba ya miƙawa sai zaure ya cika, kuma sai ya ambaci sunan garin da ya saye ta har kowa ya haddace. Wadda ta samu kuwa gwaggonsa ce ta ƙauye, mai karatun allo, wadda tun tana budurwa ta haddace duk abin da take bukatar karantawa. Za ta yi godiya, ta sa albarka, ta naɗe abin a zane ta kai ƙasan akwati, idan jika ya matsa ta ce, "Bari nan, yaro, wanga abu ajiyar Alhaji ce." Gaskiya ta faɗa. Alhaji kansa ya yi wa kyauta, gwaggo shaida ce kawai.

Na biyu Malam Dubu Uku ne, mai digiri, wanda ba ya ba da na'ura amma yana cika ta kowa. Kyautarsa ita ce, "Kawo in tura maka." Zai juye maka duk abin da ya tara tun yana ɗalibi: lissafin injiniyoyi, dokokin ƙasar Indiya, hanyar kiwon zuma, da tarin wasu da shi kansa bai san abin da ke cikinsu ba, don bai taɓa wuce gabatarwar ko ɗaya ba. Bai tambaye ka me kake so ba, bai kuma tambayi marubutan ko sun yafe ba, domin rabin kayan gumin wasu ne da aka kwafa babu biya. Abokin gabarsa shi ne na uku, Mai Shaƙar Takarda, wanda ya rantse karatu ba ya shiga kai sai an ji ƙamshin littafi. Zai yi maka lacca mai tsawo a kan lalacewar zamani, sannan ya ba ka Magana Jari Ce na uku, babu na ɗaya da na biyu, gara ta ci labarin ƙarshe, kuma a bangon ciki ga sunan mutumin da ya ara wurinsa tun ana kashe kwabo.

Abin da ya haɗa su ukun shi ne duk sun tsallake mutum ɗaya da ke zaune a cikin gidajensu. Ita ce uwargidan da ke karanta littafi guda a kwana biyu. Ta taso a kan littattafan soyayya da suka mamaye kasuwa daga Kano tun ƙarshen shekarun 1980, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, yanzu kuma ta bi marubuta zuwa WhatsApp da Wattpad, tana biyan 'yan ɗaruruwan Naira a sa ta cikin zauren da ake sakin labari shafi-shafi. Tana karatu a fasasshiyar waya, idonta na ruwa, tana aika yaro wurin mai caji safe da yamma. A duk gidan ita ce na'urar karatu za ta yi wa rana, amma duk Sallah abin da take samu kular abinci ce, don an yanke hukunci cewa mace tukunya take so. Wannan shi ne babban shaida cewa rashin kuɗi bai kai rashin lura ɓarna ba.

Kada masu aikin hannu su yi dariya da wuri, don nasu layin ma da tsawo. A gaba akwai marowacin da tsadar rayuwa ta zo masa daidai. Da can ana kiran sa mai maƙo, yanzu ya zama mai raya al'ada. Zai ƙulla daddawa uku a leda ya miƙa da wa'azi, ya tuna maka cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana maƙwabciya raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Hadisin ingantacce ne, sai dai malamin ba ya tuna shi sai ranar da shi ne mai bayarwa. Bayansa ga Hajiya Sabuwar Sana'a, wadda ta halarci horon kwana uku na haɗa sabulun ruwa, tun daga ranar kuma ango sabulu, mai jego sabulu, mai takaba sabulu, har wanda ya dawo daga asibiti da ƙaiƙayin fata sabulu. Sai Mai Kai Kifi Argungu, wanda zai yi bandar kifi da hannunsa ya kai gidan masunci a garin da tun 1934 ake taruwa a faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, ko ya ɗauki tiyar shinkafa ya kai wa manomin Augie da ya rasa inda zai jibge tasa. Ya sha wahala, ba shakka, amma wahalar mai bayarwa ba ta zama bukatar mai karɓa. Na ƙarshe ita ce Mai Juyi, wadda ba ta saye ba ta saƙawa, sai dai ta sauya leda. A hannun irinta faifai ɗaya zai halarci bukukuwa biyar tsakanin Birnin Kebbi da Kangiwa, ya dawo gidan wadda ta saƙa shi, ita kuma ta yaba ƙyansa ta ba da tukuici.

Akwai kuma waɗanda ba su da laƙabi, don ba a cika zancensu ba. Kakar da ke daka wa jikanta yajin daddawa zai koma makaranta a Aliero, ta rage barkono don ta san yana da gyambon ciki. Budurwar da ta fara ɗinka wa yayanta hula wata biyu kafin ɗaurin aurensa, bayan ta auna tsohuwar hularsa a ɓoye ta kuma lura da launin shaddar da ya saya. Saurayin da ya ga idon kakansa ya daina ganin rubutu, ya zauna dare-dare yana karanta Ruwan Bagaja yana naɗar muryarsa, ya zuba a katin ajiya na 'yan kuɗi kaɗan ya saka masa a rediyo. Magidancin da 'yan'uwa suka yi karo-karo da shi suka sayo wa uwargidan nan na'ura ta hannu, tela kuma ya ɗinka mata riga da ƙyallen atamfa. Biyu daga cikinsu sun yi aiki da turmi da allura, biyu da lantarki, kuma babu wanda kyautarsa za ta dace da wani mutum dabam. Nan ne ma'aunin yake: kyautar da za a iya cire sunan mai karɓa a sa na wani ba tare da an ji wani abu ya goce ba, ba ta gama zama kyauta ba.

Za a ce wannan daɗin baki ne na talaka, kuma aikin hannu rowa ce da aka yi wa kwalliya. Marowacin daddawa ya nuna zargin yana da tushe. Amma duk wanda ya ga yadda ake ɗinkin hula, zare bayan zare har makonni, ya san idan aka biya lokacin da kuɗin ƙwadago za ta fi hular kanti tsada. Mai hannu da shuni yana ba da abin da ya yi masa yawa, mai ƙaramin ƙarfi yana ba da lokacin da shi ma bai ishe shi ba. Za a kuma ce biki bashi ne: wadda ta kawo miki Naira 20,000 ranar aurar da 'yarki ba za ki rama mata da mafici ba. Wannan gaskiya ce, kuma tsohuwar gaskiya, don ko a littafin tarihin Baba ta Karo da aka buga a 1954 an ga yadda ƙawaye ke riƙe da lissafin abin da suka kai wa juna. Gudummawar biki asusu ce da mata suka gina don ranar bukata, a biya ta cif. Maganar da ake yi a nan ta abin da ke bayan bashin ce, tsaraba da goron Sallah da abin taya murna, inda babu littafin da ya tilasta wa kowa.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: waya ta wadatar, me za a yi da wata na'ura? Ga mafi yawan mutane haka ne. Waya na karanta littafi, tana karɓar kuɗin shinkafa, tana kiran gida, kuma zaurukan da marubutan Hausa ke sakin labaransu a cikinta suke. Littafin da ke zaune a manhajar wani kamfani ma ba gado ba ne, kamar yadda masu karatu suka gani da manhajar OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023. Sai dai wannan hujja ba ta rushe ma'aunin ba, ƙarfafa shi ta yi. Wanda ya lura zai gane cewa wata mai karatun gyaran gilashin waya take bukata, wata ƙaramin faifan sola, wata a biya mata kuɗin littafin da take bi don marubuciyar ma ta ci guminta, wata kuwa na'urar ce kaɗai za ta hutar da idonta. Ba a sanin wacce ce wacce daga kanti, sai an zauna da mutane, kuma dama zumunci a ƙafa yake.

Saboda haka kafin a shiga kasuwa ko a ɗora tukunya, mai bayarwa ya gwada kansa da tambayoyi uku: me wannan mutum yake yi idan ya samu sarari, me yake ƙorafi a kai, me kuma ya riga ya tara har ya rasa wurin ajiyewa? Wanda ya amsa zai samu abin bayarwa ko da Naira 1,000 ce a aljihunsa. Wanda ya kasa amsa ko ɗaya, kada ya wahalar da kansa da kwali ko sabulu. Ya sa abin da ya sawwaƙa a ambulan ya miƙa da hannu biyu, don kuɗi ne kaɗai kyautar da ba a taɓa jin ta dawo gidan mai ita a cikin sabuwar leda ba.