Kowa da Irin Karonsa

A wasan Race the Sun babu birki. Jirgi ne ɗan siriri mai aiki da hasken rana, an sake shi a wani makeken fili mai cike da ginshiƙai da duwatsu masu tsini da gine-ginen da ke rikitowa ba sallama, rana kuma tana can gaba tana gangarawa. Aikinka dama da hagu, sai tsalle idan ka tsinci abin tsalle. Ka shiga inuwa, gudu ya ragu. Ka daki bango gaba da gaba, ka tarwatse. Ka kauce wa komai, rana ta faɗi, caji ya ƙare, ka tsaya cak. Ba layin ƙarshe, ba kofi, ba mai tafa maka. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Aaron da Forest San Filippo, su suka ƙera shi a ɗan kamfaninsu mai suna Flippfly, bayan jama'a sun tara musu sama da dala 20,000 a Kickstarter. Ya fito a kwamfuta a 2013, daga baya ya shiga PlayStation da wayoyin hannu.

Abin da ya sa na damu da shi kuwa hanyar ce. Duk awa 24 sai a rushe duniyar wasan a gina wata. Ba wani ne ke zama yana zanawa kullum ba. An tanadi gutsattsarin fili da ƙa'idojin haɗa su, sai a ba na'ura wata lamba, ita kuma ta bi lissafi ta jera su. Lamba ɗaya, hanya ɗaya, don haka ɗan Kano da ɗan Tokyo bango ɗaya suke daka a ranar. Gobe kuma sabon bango. Hanyar da ba ta zama ba ta barin kowa ya fake da sabo, sai halin da mutum ya taho da shi daga gida ya fito fili. Hali kuwa zanen dutse.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai hadda. Shi daga wasannin tsere na da ya fito, inda kwana ta nan take shekara da shekaru, ka bi ta har yatsanka ya san ta ba tare da ya shawarci kanka ba. Da safe zai zauna da hanyar ranar da niyyar karatu. Ya mutu a ginshiƙi na uku, ya riƙe. Ya mutu a ƙarƙashin gadar da ke gaba, ya riƙe. Wani har takarda yake ajiyewa a gefe yana zane: nan hagu, nan a tsaya tsakiya, nan akwai abin gudu a bayan dutse. Kafin la'asar ya zama gwani na gaske, kuma a yi masa adalci, irinsa ne ke hawa saman jerin maki na ranar, don a cikin yini guda hadda tana aiki. Matsalar sarautarsa kwana ɗaya ce. Washegari zai taso da ƙarfinsa, ya karya hagu inda jiya ya bar ƙofa, ya tarar an gina katanga. Ba haushin mutuwar yake ji ba, haushin rashin sanarwa yake ji. Sai ka ji yana faɗi a hankali, da muryar wanda aka ci wa amana: "Wallahi jiya nan ƙofa ce." Ba wanda ya musa masa. Ya san dokar tun ranar farko, amma kullum da ɗan fatan yau za a manta a bar masa ta jiya.

Makwaɗaici ba ya ganin bango, shuɗi kawai yake gani. Akwai wasu ƙananan dala-dala shuɗaye warwatse a hanya, duk biyar da ka tara sai a ƙara ninkin makinka, ka gogi wani abu kuma ninkin ya zube. Mai hankali yana ɗaukar waɗanda ke kan hanyarsa ya bar sauran. Shi kuwa wannan ko ɗaya ya wuce shi sai ya ji an yi masa sata. Zai hango guda ɗaya tal a gindin ginin da ya fara karkata, ya bar sarari fetal ya nufe ta. Garin neman gira a rasa ido. Da ya kai matakin da ake ba shi maganaɗisun da ke janyo su daga nesa, mun ɗauka ya warke. Ashe tsawon hannu aka ƙara masa. Yanzu waɗanda a da ya haƙura da su saboda nisa, su ma sun shiga lissafi.

Kishiyarsa mai ajiya. Ya tsinci koren abin tsalle tun farkon hanya, ya ƙulle shi. Ga bango ya taho, ana ta ce masa ya yi tsalle, ya ce a'a, na gaba ya fi wannan tsanani. Ya lallaɓa ya wuce da kyar. Na gaban ma haka. A na uku ya tarwatse da tsallensa a aljihu, sabo fil, kamar kwanukan jeren amarya da za a tsufa ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba.

Sai mai neman wanda zai ɗora wa laifi. Wannan bai taɓa yin karo ba a rayuwarsa, sai dai a sa shi karo. Hannun gem ɗin ne ya saki, fuskar wayar ce ke santsi, fanka ce ta kaɗa masa ido, wani ne ya yi tari. Idan aka ba shi sabon hannu aka kashe fanka aka yi tsit, sai ya koma kan babbar tuhuma: na'urar ta san shi. Ya lura, in ji shi, duk lokacin da ya fara nisa sai a jefo masa gini. Ka zauna ka yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa an shimfiɗa hanyar nan tun yana barci, cewa lissafin bai san sunansa ba balle unguwarsu, cewa ginin nan kowa ya zo wurin sai ya faɗo masa. Zai saurare ka har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya ce: "To, ɗan'uwa, me ya sa ni kaɗai yake samu?" Amsar tana bakin kowa, ba mai faɗa saboda zumunci.

Mai tuƙi da jiki ba ya buƙatar dogon bayani, kawai kada a ajiye shayi kusa da shi. Jirgi ya yi hagu, kafaɗa ta bi, wuya ya bi, ƙafa ta harba. In za a bi ta ƙarƙashin gada har sunkuyawa yake.

Direban gefe kuwa ko'ina akwai shi, amma a nan ya samu gida. A wasan da hanyarsa ke tsaye, wanda ya daɗe yana bugawa zai iya rufe masa baki da cewa ya fi shi sanin wurin. A nan kowa baƙo ne, don haka ra'ayinsa daidai yake da na kowa, kuma ya gane hakan. Yana tsaye a bayanka, numfashinsa a kunnenka. "Hagu! Hagu! Kai, dama na ce!" Ka bi maganarsa ka mutu, ya ce ka makara. Ka ƙi bi ka mutu, ya ce ai ya faɗa. Ka ƙi bi ka tsira, ya ce sa'a ce. Ya san inda ya kamata a ɗauki abin gudu, ya san dalilin da ya sa na ɗaya a duniya ya zama na ɗaya, yana da shawarar da zai ba 'yan'uwan nan biyu in da za su saurare shi. Miƙa masa wayar ka ga ikon Allah. Nan take zai tuna yatsansa na ciwo, ko an aike shi, ko shi ba ya bugawa a ƙaramin allo. Na fi zargin ya taɓa gwadawa shi kaɗai a ɗaki, abin da ya gani ne ya mai da shi malami.

Akwai mai taka-tsantsan, wanda ya shigo wasan gudu da aƙidar sannu ba ta hana zuwa. Tun daga nesa yake fara kaucewa, ya yi ta karkata yana neman inda babu komai, alhali yawan karkatar nan cin gudu yake. Abu ɗaya ke ɗaga rana ta koma sama kaɗan, wato rawayan abin gudu, wanda in ka taɓa shi jirgi zai fizge ka cikin ginshiƙai da saurin da ido ba ya bi. Wato abin da zai tsawaita masa kwana shi ne abin da ya fi tsoro, sai ya kewaye shi. Rana ta faɗi, jirginsa ya tsaya lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Makinsa bai kai na yaro ba, amma zai duba ɗakin da alfahari ya ce shi dai bai fashe ba.

Tsohon hannu yakan zo da tarihi, kuma abin haushi tarihinsa daidai ne. Zai gaya maka tseren jiragen da ba sa taɓa ƙasa ba yau aka fara ba: Nintendo ta fitar da F-Zero tun 1990, Wipeout ya biyo a PlayStation a 1995. Ka ce ai wannan hanyarsa na'ura ke haɗawa, ya yi murmushin tausayi. F-Zero X na 1998, a Nintendo 64, motoci 30 a kan hanya lokaci guda, yana da gasar X Cup wadda kowane zagaye sabuwar hanya ake ƙirƙira maka. Audiosurf na 2008 ma daga waƙar da ka zaɓa yake gina hanyarsa, inda kiɗa ya yi zafi hanya ta yi zafi. Duk gaskiya ne. Sannan ya karɓi hannu don ya nuna wa yara yadda ake yi, ya mutu a yanki na farko, wurin da ginshiƙan ke tsaye ba sa ko motsi. Ya ajiye a hankali ya ce wasannin yanzu ba su da nauyi a hannu.

Mai "wannan ne na ƙarshe" ba maƙaryaci ba ne, duk lokacin da ya faɗa da gaske yake. Laifin na masu wasan ne da suka sa tsakanin mutuwa da sake farawa bai wuce danna abu ɗaya ba, ba a bar wa mutum sararin da kunya za ta kama shi ba. In ya mutu da wuri, wannan ba a lissafa shi. In ya yi nisa, ai hannu ya buɗe, ba a tashi yanzu. An kira shi cin abinci tun da zafi, an rufe, an ɗumama, an sake rufewa.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai gadin sabuwar hanya. Ya san daidai lokacin da ake juya duniyar, ya hana idonsa barci, ya shiga kafin gwanaye su farka. Na ɗan lokaci sunansa na can sama cikin mutanen da ba su taka kara sun karya ba. Ya ɗauki hoton allo ya watsa a WhatsApp. Kafin azahar an tura shi inda sai an yi ta gangarawa za a same shi, amma hoton yana nan, kuma ba a rubuta ƙarfe nawa aka ɗauka ba.

Mai wa'azi shi ma ba ya rasa zuwa. Da ya ga rana na faɗuwa sai jikinsa ya yi sanyi, ya fara: ai wannan ita ce duniya, kowa gudu yake, kowa da lokacinsa. Ba a ƙi ta tasa ba, sai dai yana cikin fassara ma'anar inuwa ya shiga ginshiƙi, kuma tun daga ranar da ya gano wannan hikimar makinsa bai ƙaru da ko ɗaya ba.

Wadda ta fi ƙarfin kowa ita ce Hajiyar gida, mai cewa wannan aikin banza ne, yara sun zauna suna kashe ido da cajin waya. Ran nan ta tsaya a kan ɗanta tana faɗa, idonta ya sauka a allo, faɗan ya fara raguwa. "Kai, ba ta nan za ka bi ba. Kawo nan." Ba ta san shuɗi ba, ba ta san ninki ba, ba ta da hanyar jiya a ka balle ta ruɗe ta. Inda ta ga sarari nan take bi, fuska a ɗaure, ba ta ko karkata wuya. Ta wuce inda mai hadda ya kwana uku yana mutuwa a irinsa, ta wuce wani tsuntsun ƙarfe da ke zubo kyauta tsakanin yanki da yanki ba ta ko kalle shi ba. Direban gefe ya buɗe baki, ta ce, "Yi mini shiru," ya yi. Da ta tarwatse daga ƙarshe, ta miƙa wayar tana tsaki, ta ce ita ba ta ga abin da ke ɗauke musu hankali a ciki ba. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"In ka gama, ka sa mini shi a tawa. Ka sa inda jikokin nan ba za su gani ba. Kuma kada in ji maganar a bakin babanku."