Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shafin Da Ya Hana A Ajiye Kalmar Sirri

Zuwa ga Mai Girma Shafin Intanet, sarkin ƙofa, mai tsaron asusun talakawa, gaisuwa da ban girma.

Bayan haka, mai wannan wasiƙa yana sanar da Mai Girma cewa a daren jiya ya cike dogon fom, daga suna har ƙaramar hukuma, sai sabis ya ɗauke kafin ya aika, da ya sake buɗe shafin kuma ya tarar da kowane gurbi wayam, domin Mai Girma ya hana burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ta riƙe ko harafi ɗaya. Tushen hanin wani ɗan umarni ne da ake rubutawa cikin ginin shafi, autocomplete="off", wanda ya zo tare da Internet Explorer 5 a 1999, kuma yana da hujja a zamanin da jama'a ke bin layi a kan kwamfuta ɗaya a shagon intanet.

Wannan kuwa ƙaramin laifi ne idan aka duba batun kalmar sirri. A 2014 Chrome da Firefox suka daina bin umarnin a gurbinta, amma maimakon Mai Girma ya ɗauki darasi, sai ya koma ga JavaScript, harshen da ke sarrafa motsin shafi, ya hana a kwafo kalmar a liƙa. Ya wajabta babban baƙi da lamba da alama, ya hana a ajiye, ya hana a liƙa, sannan ya kulle asusun wanda ya yi kuskure sau uku. Da wace ƙwaƙwalwa ake so bawan Allah ya haddace irin wannan har guda ashirin? Abin da ke faruwa sananne ne: sunan ɗan fari da shekarar haihuwa a kowane shafi, ko kuwa a rubuta a bangon littafin bashi, inda yaron shago ma zai karanta.

Ƙwararrun da Mai Girma ke fakewa da su ma ba sa tare da shi. A 2017 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta ba da shawarar a bar mutane su liƙa kalmar sirri, cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ma haka ta ce, saboda liƙawa na sauƙaƙa amfani da manhajar ma'ajiyar kalmomin sirri, ita kuwa tana cike gurbi ne a adireshin gaskiya kaɗai, alhali idon mutum yakan ruɗu da shafin bogi na 'yan damfara. Da sunan tsaro ke nan aka kori mai gadin da ya fi kowa gani.



Ana roƙon Mai Girma, don Allah, ya cire umarnin autocomplete="off" daga gurbin kalmar sirri, ya kuma bar mutane su liƙa abinsu.